Kwalta mai shan ruwa: abin da take iya yi wa babbar hanya, da inda ƙarfinta ya tsaya

Darasin farko da ake cusa wa duk mai koyon aikin hanya shi ne ruwa ne babban maƙiyin titi. Shi ya sa ake ɗaga tsakiyar titi ya ɗan fi gefe tudu, a daddaɓe kwalta har ta haɗe ba kafa, a haƙa lambatu a gefe, a binne kwalbati a ƙarƙashi. Duk wannan ɗawainiya manufarta guda ce: ruwa ya sauka daga kan hanya da wuri, kada ya samu inda zai kutsa cikinta. Kwalta mai shan ruwa ta zo da akasin wannan koyarwa. Da gangan ake barin kafofi a jikinta domin ruwan sama ya nutse ciki maimakon ya kwanta ko ya malala a sama. Ƙasashe da dama sun shafe sama da shekara talatin suna shimfiɗa ta a manyan hanyoyinsu, saboda haka yanzu akwai isasshen abin dubawa, ba sai an tsaya kan alƙawarin masu tallata ta ba.

Kafin a je ga maganin, yana da kyau a auna girman matsalar. Ruwan sama milimita ɗaya idan ya sauka a kan fili mai murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne cif. A ɗauki tagwayen hanya mai faɗin mita 30, a yanki tsawon kilomita ɗaya. Ruwan milimita 50, wanda ba wani abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, zai zubo lita miliyan ɗaya da rabi a kan wannan yanki kaɗai, wato abin da zai cika tankar mai kusan 45 irin masu ɗaukar lita 33,000. Da daji ne ko gona, ƙasa za ta shanye kaso mai yawa, ciyawa ta rage wa sauran gudu. A kan kwalta kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yana gangarawa, cikin mintoci, ya taru a wuri guda. Kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana ɗauke da garin taya da ya goge, da ƙurar birki mai jan ƙarfe, da tutiya, da baƙin mai da ya ɗiga daga injuna, duk ya juye a rafin da ya fi kusa. A shekarar 2020 masu bincike a jihar Washington ta Amurka suka gano cewa wani sinadari mai suna 6PPD-quinone, wanda ke fitowa daga maganin da ake sa wa taya don kada ta tsage, shi ne ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan birni bayan an yi ruwa. An daɗe ana ganin kifin na mutuwa, ana zargin wankin titi, amma ba a san sinadarin da ke kashe shi ba. Ashe daga taya yake.

Yadda ake haɗa kwaltar ba shi da wuyar fahimta. Kwaltar da muka saba gani cakuɗa ce ta manyan tsakuwa, matsakaita, yashi da garin dutse, domin ƙanana su cike gurbin da manya suka bari; idan aka gama daddaɓa ta, iskar da ta rage a ciki ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A mai shan ruwa sai a janye mafi yawan yashin da ƙananan tsakuwar, a bar manyan suna jingine da juna, baƙin kwalta, wato ɗankon da ke manne tsakuwa, ya riƙe su a inda suka haɗu kawai. Gurbin da ke tsakaninsu ya kai kusan kashi 20 cikin 100, kuma kafofin a haɗe suke, ruwa na bi ta ciki daga wannan zuwa wancan.

To a nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, kuma a ganina rabin gardamar da ake yi a kan wannan fasaha daga wannan ruɗani take tasowa. Akwai shimfiɗar sama kaɗai, mai kaurin santimita huɗu ko biyar, wadda ake ɗorawa a kan kwalta ta gargajiya da ba ta shan ruwa. Ruwa ya nutse cikin wannan shimfiɗa, ya tarar da toshewa a ƙasa, sai ya bi ta cikinta a kwance har ya fita a gefen titi. Akwai kuma titin da yake shan ruwa tun daga sama har ƙasa: kwalta mai kafofi, a ƙarƙashinta tarin wankakkun duwatsu masu girma ɗaya da ke zama ma'ajiyar ruwa, daga nan ruwan ya tsiyaye a hankali cikin ƙasa. Na farkon shi ne aka fi shimfiɗawa a manyan hanyoyi. Na biyun shi ne wanda ake nunawa a bidiyo, motar ruwa ta juye tankinta ƙasa ta shanye nan take, kuma kusan kullum a filin ajiye motoci ake ɗaukar hoton.

Babu ƙasar da ta rungumi nau'in farko kamar Holan. Hukumar da ke kula da manyan hanyoyi da ruwayenta, Rijkswaterstaat, ta mai da shi abin da ake shimfiɗawa a kowace babbar hanya tun ƙarshen shekarun 1980, kuma a yau kimanin kashi 90 cikin 100 na manyan hanyoyin ƙasar da shi aka rufe su. Can ana kiransa ZOAB. Abin lura shi ne ba ambaliya ce ta kai su ga wannan shawara ba. Ƙarar motoci ce. Holan ƙasa ce ƙarama mai cunkoso, gidaje na dab da hanya, kuma a 1988 aka ɗaga iyakar gudu zuwa kilomita 120 a awa, abin da ya ƙara rugugin tayoyi. Kafofin kwaltar na haɗiye wani ɓangare na wannan ƙara, domin iskar da taya ke matsewa tana samun mafita ta ƙasa. Daga baya suka ƙirƙiro mai hawa biyu, ƙananan tsakuwa a sama, manya a ƙasa, wadda ta fi rage ƙara. Japan ma ta bi wannan hanya, ta mai da irin wannan shimfiɗa ƙa'ida a manyan hanyoyinta a ƙarshen shekarun 1990, da baƙin kwalta mai kauri da aka haɗa da roba domin ya riƙe tsakuwa da kyau.

Amfanin da direba ke gani da idonsa a fili yake. Ruwa ba ya kwanciya a kan titi, don haka taya ba ta hawa kan ruwa ta rabu da ƙasa. Feshin da tirela ke watsowa a gilashin motar da ke bayanta yana raguwa ƙwarai, layukan fenti suna fitowa da daddare, hasken fitila ba ya dawowa ido. Da jin haka mutum zai ce lallai haɗurra sun ragu. Sai dai binciken da aka yi a Holan, da bitar da aka yi daga baya ta binciken ƙasashe daban-daban, ba su nuna raguwa mai gamsarwa ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne direbobi, da suka ga hanya tamkar busasshiya, sun daina rage gudu idan ana ruwa, sun kuma rage tazarar da ke tsakaninsu. Ribar da injiniya ya samar, ƙafar direba ta cinye ta. Wannan ya dame ni, domin har yanzu ana sayar da wannan kwalta da sunan ceton rayuka kamar magana ce da aka gama. Akwai ma wani ƙarin: sabuwar shimfiɗa tana da santsi a makonnin farko kafin tayoyi su goge baƙin kwaltar da ya lulluɓe tsakuwa, har a Holan akan kafa allon gargaɗi cewa titi sabo ne, birki zai ɗauki nisa kafin ya tsayar da mota.

Inda shimfiɗar saman ta ba da mamaki shi ne tsabtar ruwan da ke fita daga gefenta. Ba don wannan aka ƙirƙiro ta ba, amma aka lura a Holan cewa ruwan ya fi na kwaltar gargajiya tsabta nesa ba kusa ba. A jihar Texas ta Amurka masu bincike na jami'ar da ke Austin sun auna ruwan wata hanya mai suna Loop 360 kafin a ɗora mata shimfiɗar da kuma bayan an ɗora, suka tarar dattin da ke yawo cikin ruwa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, ƙarafan da ke manne da wannan datti su ma suka ragu sosai. Dalili biyu ake kawowa. Kafofin na tace ruwan, datti ya maƙale a ciki. Sannan da yake babu feshi, ruwa ba ya wanke ƙarƙashin motoci da injunansu, inda maiƙo da ƙura suka taru. Wannan sakamako na da nauyi a wajen Austin, domin yankin na zaune a kan ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Edwards, wadda birnin San Antonio ke sha daga gare ta, kuma doka ta tilasta wa duk mai gini a wurin ya cire kashi 80 cikin 100 na ƙarin dattin da gininsa zai jawo. Maimakon a sayi fili a haƙa tafkin tace ruwa, titin da kansa ya zama matata. Amma abin da ya riga ya narke cikin ruwa, kamar gishiri da narkakkun ƙarafa, mafi yawansa wucewa yake yi abinsa.

Batun ambaliya fa? A nan lissafi kaɗan ya isa. Shimfiɗa mai kaurin santimita biyar da kashi 20 cikin 100 na gurbi, ko da a bushe take ƙarau kuma ba ta toshe ba, milimita 10 na ruwa kawai za ta iya riƙewa. Yayyafi da ɗan matsakaicin ruwa za ta shanye, wani ya tsiyaye gefe a hankali, wani rana da iska su busar. Ruwan milimita 50 kuwa zai cika ta tun da wuri, sauran ya bi hanyar da ya saba. Tana jinkirta ruwa, tana rage masa kaifi a farkon zuba, amma lambatu da kwalbati da tafkin tara ruwa duk suna nan daram a matsayinsu. Duk wanda ya ce a rage girman magudana saboda an shimfiɗa wannan kwalta, bai yi lissafin ba.

Mai rage ambaliya da gaske shi ne nau'i na biyu. Wankakkun duwatsu masu girma ɗaya suna barin gurbi kusan kashi 40 cikin 100, don haka tarin da ya kai santimita 30 zai ɗauke ruwan milimita 120, ya riƙe shi har ƙasa ta shanye cikin kwana biyu ko uku. An fara gwada wannan tsari da gaske a Amurka a farkon shekarun 1970, a cibiyar Franklin da ke Philadelphia, kuma tun daga lokacin ya yi aiki mai kyau a filayen ajiye motoci, titunan unguwa da hanyoyin ƙafa. A babbar hanya ne gizo ke saƙar. Ƙasar da ke ƙarƙashin titi ita ce a ƙarshe ke ɗaukar nauyin kowace tirela, kuma ƙasa jiƙaƙƙiya ba ta da ƙarfin busasshiya. Ga wata matsalar: mai gina titi yana son a daddaɓe ƙasa iya daddaɓuwa don ta ɗauki kaya, mai son ruwa ya nutse kuma yana son a bar ta sakwa-sakwa. Ba a samun duka biyun a wuri ɗaya. Sai dai a ƙara kaurin duwatsu sosai don a raba nauyin, kuɗi ya haura, ko a sa bututu a ƙarƙashi ya kwashe rarar ruwan, wanda ya mai da tsarin ma'ajiya mai sakin ruwa a hankali.

An gwada, kuma gwajin bai watse ba. A 1986 jihar Arizona ta gina kimanin kilomita ɗaya na irin wannan titi a hanya mai lamba 87 a garin Chandler, ya yi shekaru da dama yana ɗaukar motoci yana kuma shan ruwa. A 2009 jihar Maine ta sake gina wani ɗan yanki na hanyar Maine Mall a South Portland da shi, domin kare wani rafi da wankin tituna da filayen kasuwa ya gurɓata. Amma a duba tsawonsu: kilomita ɗaya a nan, ƙasa da haka a can, cikin shekaru masu yawa. Da abin ya kasance mai sauƙi da araha, da yanzu an ga ɗaruruwan kilomitoci. Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce wadda wasu injiniyoyi ke bi: a bar layukan da manyan motoci ke bi da kwalta mai ƙarfi, a mai da gefen da ake tsayawa ya zama mai shan ruwa har ƙasa, da shinge a tsakani don kada danshi ya koma ƙarƙashin layin tirela. Ruwan titin gaba ɗaya ya gangaro gefe ya nutse a can, inda nauyi ba shi da yawa.

Akwai wuraren da ma bai kamata a fara ba. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa da sama, ko kusa da rijiyoyin sha, nutsar da wankin titi na iya zama kai guba inda ba a iya kwaso ta. Haka gidajen mai da wuraren da tankoki ke tsayawa. Idan tanka ta kife a kan kwalta mai kafofi, man ya shige ciki, ba a share shi da yashi da tsintsiya. Sau da yawa sai an kankare shimfiɗar an sake. Ƙasa mai yumɓu da ke kumbura idan ta sha ruwa, ta tsage idan ta bushe, ita ma ba ta karɓar wannan tsari, haka gangare mai tsanani.

Sai babbar magana, wadda a kanta ne nasara ko faɗuwar komai ta rataya: kafofin suna toshewa. Dattin nan da muka yaba cewa ba ya zuwa rafi, ai bai ɓace ba, yana cikin titin. A layukan da motoci ke gudu sosai, tayoyi na taimakawa: idan ana ruwa, taya na danna ruwa cikin kafofin ta kuma zuƙo shi, sai dattin ya motsa. Shi ya sa kwaltar ta fi daɗewa a buɗe a hanyar da ake gudu fiye da titin cikin gari mai cunkoso, abin da mutane da yawa ba sa zato. Gefen hanya kuwa, inda ba a bi, nan ne dattin ke taruwa, kuma ta nan ne ruwan ke fita. Idan ya toshe, ruwa ya rasa mafita ya dawo sama. Don haka a Holan akwai motoci na musamman da ke bin gefen hanya lokaci-lokaci, suna fesa ruwa da ƙarfi suna zuƙe dattin. Aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma dole a sa shi a kasafin kowace shekara.

Kuma kwaltar ba ta da tsawon rai kamar ta gargajiya. Da yake iska da ruwa na ratsa ta ko'ina, baƙin kwaltar da ke riƙe tsakuwa yana saurin bushewa ya yi tauri, tsakuwa ta fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Da zarar ta fara, ba ta jira. A Holan layin da manyan motoci ke bi yakan yi shekara 11 ko makamancin haka kafin a sake shi, sauran layukan su ɗan fi daɗewa. Lokacin sanyi kuma saman titin na saurin daskarewa, gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara yana zurarewa cikin kafofi, sai an ƙara yawansa an kuma yawaita zagaye. Faci ma matsala ne: idan aka cike rami da kwalta ta gargajiya, an gina bango ke nan a cikin shimfiɗar, ruwa ya taru a bayansa. Holan ta san duk wannan ta kuma amince ta biya, domin ta ɗauki rage ƙara da muhimmanci kuma tana da hukumar da ba ta wasa da gyara. Wasu ƙasashen Turai sun gwada suka ja baya zuwa wasu nau'ukan shimfiɗa.

Ko da an yi komai daidai, akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowane titi. Ƙasar Sin ta ƙaddamar da shirin da ake kira biranen soso, ta zaɓi birane 16 a 2015 ta ƙara 14 a 2016, da burin birni ya riƙa shanye kashi 70 cikin 100 na ruwan da ya sauka a cikinsa. Tituna masu shan ruwa na cikin kayan aikin. Birnin Zhengzhou ma ya zuba kuɗi mai yawa a irin wannan aiki. Ranar 20 ga Yulin 2021 ruwan da ya haura milimita 200 ya sauka a birnin cikin awa ɗaya, ya cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ƙasa na cikin birni, ɗaruruwan mutane suka rasu. Wasu sun ce wannan ya nuna shirin banza ne. Ban yarda da su ba. An tsara waɗannan abubuwa ne don ruwan da ake yi sau da yawa a shekara, kuma a nan suna aiki. Laifin yana wuyan duk wanda ya bar jama'a suka ɗauka cewa sun maye gurbin manyan magudanai da shirin kwashe mutane.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai tambaya ko wannan zai yi a wajenmu, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa kai tsaye. Ba mu da ƙanƙara, wannan ya sauƙaƙa abu ɗaya. Amma muna da abin da ya fi ƙanƙara illa ga kafofin kwalta: wata bakwai ko takwas ba ruwa, ƙurar hunturu na sauka kullum, iska na kwaso rairayi ta zuba a gefen titi, motoci na hawowa daga hanyoyin ƙasa da laka a tayoyinsu. Wankin da tayoyi ke yi wa kwaltar sai da ruwa yake yiwuwa, mu kuwa duk rani babu shi. Ruwan farko zai tarar da kafofin a cike. Ga zafin da ke tausasa kwalta, ga tireloli masu lodin da ya wuce ƙima, ga marmarar da ake yi wa yawancin hanyoyinmu gado da ita, wadda ke raunana idan ta jiƙe. A yankin tafkin Chadi kuma akwai baƙar ƙasar nan mai kumbura. Da za a kawo mini takardar shimfiɗa irin wannan kwalta a hanyar Kano zuwa Kaduna, abin da zan fara nema a ciki shi ne motocin zuƙe datti nawa aka saya, wa zai tuƙa su, kuma daga wane asusu za a biya su shekara goma masu zuwa.

Inda nake ganin ƙofa a buɗe take shi ne ƙananan wurare. Mun riga mun saba da intalok a harabar gidaje, masallatai, makarantu da tashoshi, sai dai yadda ake shimfiɗa shi, da yashi mai laushi a tsakani ko ma siminti a ƙarƙashi, ba ya barin ruwa ya wuce sosai. Nau'insa mai shan ruwa yana da tazara mai ɗan faɗi tsakanin tubala, ana cike ta da ƙananan tsakuwa, a ƙasa kuma wankakkun duwatsu. Idan ya toshe, ana iya tone tsakuwar tsakanin a zuba sabuwa, ko a ɗaga tubalan a mayar, da ma'aikata da kayan hannu, ba sai an shigo da injin ƙasar waje ba. A garuruwan da ƙasarsu rairayi ce mai saurin shan ruwa, kuma aka cike kududdufan da a da suke karɓar ruwan unguwa aka yi gini a kai, kowace haraba da ta shanye ruwanta ta rage abin da zai gangaro kan babban titi ya cika lambatun da dama can bai isa ba.